Ruwa ake kai wa ganye, ko ganye ake kai wa wuta?

Wata 'yar uwa da ta tafi karatu Ingila ta aiko da wannan tambaya: "Mu huɗu ne a gidan da muke haya. Ranar da na zuba ruwa a tukunya, na jefa Lipton da citta da kanumfari, na bar shi yana ɓararraka, Baturiyar Ingila da muke tare ta tsaya tana kallona kamar takalmi na ɗora a wuta. Bayan kwana biyu 'yar Amurka ta cika kofi da ruwa ta tura cikin maikirowef, Baturiyar ta ce wannan ma ya fi nawa muni. Ita kuma 'yar Turkiyya cewa ta yi dukkanmu ba wanda ya iya shayi. Don Allah wa ke da gaskiya? Kuma yaya aka yi dafa ruwan zafi kawai ya zama abin gardama?"

'Yar uwa, ruwa ba ya tsami banza. Na yi shekaru ina sana'ar sayen ganyen shayi da ɗanɗana shi kafin a gauraya a ƙulla, kuma aikin ya zaunar da ni a gindin murhun mutane iri-iri. Abin da na gani shi ne ku huɗun nan tun farko ba abu ɗaya kuke yi ba. Masu shan shayi da gahawa a duniya gida biyu ne. Akwai masu jiƙawa: a tafasa ruwa daban, a sauke, a kai wa ganye, a ba shi 'yan mintuna, a tsame. Akwai masu dafawa: ganye da ruwa su hau wuta tare, su daɗe tare. Baturiyarki mai jiƙawa ce. Ke mai dafawa ce, kamar yawancinmu, kamar Indiyawa da Buzaye. 'Yar Turkiyya ta raba ƙafa. Ita kuwa 'yar Amurka, a gidansu shayi baƙo ne, gahawa ce 'yar gida.

Bari mu fara da ganyen. Shayi kore da baƙi duk daga itace ɗaya suke fitowa, wanda masana ke kira Camellia sinensis. A wajen sarrafawa suke rabuwa. Baƙin, murza shi ake yi a bar shi ya sha iska har ya rine, kamar yadda ɓarin farin goro ke canja launi in an bar shi a buɗe. Koren kuwa, ana tsinko shi ake turara shi ko a soya shi a kasko don kada ya rine. A cikin ganyen akwai abin da ke ba da ƙamshi da garɗi, shi yana fita da wuri. Akwai kuma mai kawo bauri, irin baurin goro ko na bagaruwa, shi kuma gwargwadon zafin ruwa da daɗewarsa gwargwadon fitowarsa. Mai jiƙawa da agogo yake guje wa baurin nan: baƙin shayi ruwa mai digiri 95 zuwa 100 na minti uku zuwa biyar, koren shayi digiri 70 zuwa 80 na minti biyu ko uku. Mai dafawa kuwa barinsa yake ya fito duka, sannan ya danne shi da sukari ko madara ko kayan ƙamshi. Da kin gane wannan, sauran duk labarin wuta ne da tarihi.

Mai jiƙawa yana bukatar tafasasshen ruwa zalla, sau da yawa a rana, kuma da sauri. Nan butar lantarki ta samu gindin zama a Ingila. Abin dariyar shi ne su ma da gahawa suka fara. An buɗe shagon gahawa na farko a Landan a 1652, shayi kuwa ya daɗe yana hannun masu hali saboda haraji, talaka sai na fasa-ƙwauri. A 1784 gwamnatin William Pitt ta sauko da harajin daga kashi 119 cikin ɗari zuwa 12.5, sai shayi ya shiga kowane gida. Daga shekarun 1830 suka fara buɗe gonakinsa a Assam ta Indiya. A tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, gahawa ake nomawa har sai da wata cuta ta faɗa mata daga 1869 ta cinye gonakin, aka maye gurbinta da shayi. A can ne Thomas Lipton ya sayi gonaki a 1890, mutumin da sunansa ya zama sunan kowane shayin ƙulli a bakin Bahaushe, ko da kuwa Highland na Mambilla ne a cikin kwalin.

A 1955 kamfanin Russell Hobbs ya fito da butar da ke kashe kanta in ruwa ya tafasa, ta hanyar wani ɗan ƙarfe da tururi ke lanƙwasawa ya ture makunnin. Daga nan aka daina tsayuwa a kan buta. Ki danna, ki tafi, ki ji ƙas. Sabon ya kai inda masu kula da wutar ƙasar ke bin jadawalin talabijin, don sun san da an tashi daga shiri mai farin jini miliyoyin mutane za su nufi kicin lokaci ɗaya. Mafi girman wannan tashin ya faru ranar 4 ga Yuli, 1990, bayan bugun fenaretin da Jamus ta Yamma ta fitar da Ingila a wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya: bukatar wuta ta yi tsalle da megawat 2,800, tsakanin butoci da firji da injinan tura ruwa. Wannan ya haura rabin abin da babban layin wutar Najeriya ke rabawa a yawancin ranaku. Baƙin cikin ƙwallo ma da shayi suke haɗiye shi.

In kin tambayi dalilin da ya sa Amurkawa ba su cika ajiye irin wannan buta ba, amsar da kowa zai jefo miki ita ce ƙarfin wuta. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Soket ɗin Ingila bolt 230 ne, fulogi mai fiyus na amfiya 13, don haka butarsu na iya jan wat 3,000. Na Amurka bolt 120 ne, butar da ake sayarwa a can ba ta cika wuce wat 1,500 ba. Kafin lita ɗaya ta tashi daga digiri 20 zuwa tafasa, sai ta ci kusan kashi ɗaya cikin goma na yunit ɗin da ke mitarki. Butar Ingila za ta gama wannan cikin kamar minti biyu, ta Amurka kusan huɗu. To amma kofi ɗaya rubu'in lita ne: rabin minti a Ingila, minti ɗaya a Amurka. Wa ya taɓa barin al'adar kakanninsa saboda rabin minti? Ga Kanada, wutarsu ɗaya da Amurka, butar lantarki ba baƙuwa ba ce a gidajensu. Ga Japan, bolt 100 ne kacal, amma suna da tulun lantarki da ke riƙe ruwa a zafin da kika zaɓa tun safe har dare. Mu kuma a Najeriya da soket ɗinmu da fuloginmu irin na Ingila ne sak, amma filas da gas da kurfoti ke riƙe da gida, don butar wat 2,000 ba ta hawa ƙaramin janaretan nan da bai kai wat 1,000 ba, kuma mai inbata da sola ya san abin da take yi wa batir. A ganina ƙarfin wuta ɗan rakiya ne kawai. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ba'amurke gahawa yake sha. Ana yawan danganta hakan da daren 16 ga Disamba, 1773, lokacin da mutanen Boston suka zubar da akwati 342 na shayin kamfanin Ingila a teku don ƙin haraji. Labarin ya faru, kuma ya sa shayi ya yi baƙin jini na wani lokaci, amma abin da ya tabbatar da gahawa shi ne arharta: ga Burazil da tsibiran Karibiyan a kusa, ga sojojin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865 da aka riƙa ba su ita cikin guzuri suka koma gida da sabonta. Kuma na'urar da suke haɗa ta, irin Mr. Coffee da ta fito a 1972, ruwan sanyi ake zuba mata, ita ke ɗumama shi ta ɗiga shi a kan gari ta cikin matacin takarda. Wanda injinsa ke ɗumama wa kansa ruwa, me zai yi da buta? Shayin da suke sha ma mafi yawansa mai ƙanƙara ne, musamman a jihohin kudu inda ake cika shi da sukari. In sau ɗaya a wata Ba'amurkiya ta bukaci kofin ruwan zafi, abin da ke kusa za ta miƙa wa hannu, shi ne maikirowef. Su kansu sun san ana yi musu dariya a kai. A Janairun 2024, da wata farfesar kimiyyar sinadarai ta Amurka, Michelle Francl, ta ba da shawarar a jefa ɗan gishiri a shayi don rage ɗaci, jaridun Ingila suka yi ca, sai ofishin jakadancin Amurka a Landan ya fitar da sanarwar barkwanci yana nesanta kansa da gishirin, ya kuma ce zai ci gaba da haɗa shayi yadda ya dace, wato a maikirowef.

Shin ruwan maikirowef daban yake? Ruwan da ya kai digiri 100 ya kai, ko gawayi ya kai shi ko lantarki, ganye bai san bambanci ba. Matsalar ita ce ba ki san inda ya kai ba. A buta zafi daga ƙasa yake tasowa, ruwan na juya kansa har ya daidaita. A maikirowef saman kofin kan fi ƙasansa zafi, sai ki ga tururi ki ɗauka ya yi, alhali ƙasan bai kai ba, shayin ya fito salam da wata farar kumfa a kai. Na biyu kuma ya fi haɗari: a cikin kofi mai santsi ruwa na iya wuce digiri 100 ba tare da ya nuna tafasa ba, yana kwance luf, sai an jefa cokali ko sukari ya yi tsiri ya watso wa mutum a hannu ko a fuska. Ki gaya wa ƙawarki ta riƙa tsoma ɗan tsinken katako a kofin kafin ta kunna, in ya gama ta ba shi rabin minti, ta juya, sannan ta sa ganye.

'Yar Turkiyya tana da dalilin ɗaga hanci, don ba ƙasar da ta kai su shan shayi in aka raba da yawan jama'a. Su ma, kamar Ingilishi, mutanen gahawa ne a da. Da daular Usmaniyya ta rushe, Yaman ta fita daga hannunsu, gahawa ta yi tsada, sai gwamnati ta ƙarfafa noman shayi a Rize, gefen Baƙin Teku inda ruwan sama ba ya yankewa, aka buɗe masana'antar farko a can a 1947. Butarsu hawa biyu ce. Ta ƙasa ruwa zalla ne a kan wuta, ta sama ganye ne mai yawa da ɗan ruwa, tana zaune a kan tururin ta ƙasa na minti goma sha biyar zuwa ashirin. Ganyen bai taɓa wuta ba, don haka bai tafasa ba, amma kuma bai huce ba. Wajen zubawa sai a fara da kakkauran na sama, a sirka da na ƙasa daidai yadda mai sha ke so. Launin da suke nema a ɗan kofin gilashinsu mai siririn ƙugu suna kiransa jinin zomo. Dabarar 'yar uwar samobar ɗin Rashawa ce, babban tulun ƙarfen nan mai bututun garwashi a tsakiya da aka san garin Tula da ƙerawa, wanda Iraniyawa ma suka ɗauka, su da kan sa ƙwayar sukari a baki su kurɓi shayin ta kanta.

Yanzu mu dawo gida. Ki tuna teburin mai shayi da asuba: babbar tukunya ko buta a kan wuta tun kafin kiran salla, an riga an jefa citta, kanumfari, masoro, wani ya ƙara kimba ko kirfa ko na'a-na'a, ga gwangwanayen madara da Bournvita an jera kamar hasumiya, ga burodi, ga kiret ɗin ƙwai. Mai kuɗi ya ce a yi masa kakkaura, wanda aljihu ya yi sanyi ya ce ruwan bunu. Mai shayin ya ɗaga kofi sama ya sheƙa cikin ɗaya, ya mayar, har sukari ya narke, zafi ya sauka, kumfa ta taso. Wannan tsarin bai yi kama da na Ingila ba don bukatarsa daban ce. Citta da kanumfari ba sa ba da abin da ke cikinsu da jiƙo na minti uku, sai sun sha wuta. Wutar itace ko gawayi kuma ba a kashe ta a kunna don kofi ɗaya, in ta kama sai a bar tukunya a kai. Tafasawar tana kuma kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan rijiya ko na 'yan garuwa, wanda ba ƙaramin amfani ba ne. Sannan shayi a wajenmu abinci ne, karin kumallo ne, sahur ne, buɗa-baki ne, dole ya yi nauyin da zai riƙe ciki.

Ganyen da ke zuwa mana ma ya dace da hakan. Abin da ke cikin ƙullin Lipton ba faffaɗan ganye ba ne, tsaki-tsaki ne da wani inji ke murƙushewa ya yayyaga ya dunƙule. William McKercher ne ya ƙirƙiro injin a Assam a farkon shekarun 1930, kuma kusan duk shayin Kenya da ake gwanjonsa a Mombasa haka ake yin sa. Irin wannan yana sakin launi da ƙarfi kan ki ce kwabo, ba shi da wani lallausan ƙamshi da za a ji tsoron ɓatawa, kuma yana tsayawa da ƙafarsa a gaban madara. Shi ne ya sa mai shayin titi a Indiya ke tafasa shi da madara da citta da hel, wato ƙwayar ƙamshin nan da Bature ke kira cardamom, a tukunya ɗaya, abin ya yi daɗi. Inda na ba Baturiyarki gaskiya shi ne nan: in ba madara ba sukari, Lipton da ya yi minti goma yana tafasa ba ya shawuwa.

Shayin da ya fi koya mini darasi na wani Buzu ne mai gadin sito a Kano, shekarun baya. Na je masa da ilimina na littafi, cewa koren ganye ba ya son ruwan da ya wuce digiri 80. Bai ce mini komai ba. Ya hura garwashi a ɗan kurfotinsa na waya, ya ɗauko shuɗiyar butarsa ta tangaran da ba ta fi cin kofi ɗaya da rabi ba, ya cika ɗan gilashi da koren ganyen Sin, irin mai lamba 41022 a jikin kwali, ya juye a ciki. Ya zuba ɗan ruwa ya ɗauraye ya zubar, ya sake zubawa, ya binne gindin butar a garwashi. Ya bar shi ya tafasa, ya tafasa, har na fara jin tausayin ganyen. Sannan ya auna sukari da gilashin da ya auna ganye, ya ɗaga butar sama da gwiwarsa yana tsiyayawa cikin gilashi, siririn zare ba ɗigo ɗaya a ƙasa, ya mayar cikin buta, ya sake, har kumfa ta kai rabin kowane gilashi. Ya wanke bayan gilasan ba tare da ya taɓa kumfar ba, ya ɗanɗana, ya mayar wuta, sannan ya miƙo mini abin da bai wuce kurɓa uku ba. Ɗaci da zaƙi suka haɗu suka buge ni a tsakiyar kai. Ganyen bai fita daga butar ba, ruwa da sukari aka ƙara don zagaye na biyu, aka sa na'a-na'a, haka na uku. Suna cewa na farko ɗaci kamar mutuwa, na biyu sassauci kamar rayuwa, na uku zaƙi kamar soyayya, wasu kan juya jerin. Mun fi awa biyu a wajen.

A daren na gane cewa da an ba mutumin nan butar Russell Hobbs, cutarsa aka yi. Daren gadi dogo ne, kamar yadda zangon ayari yake da tsawo, shayin da zai cinye awa biyu da ruwan da bai kai lita ba shi ne daidai da shi. Haka samarin fada, wato majalisar hira, a Damagaram da Yamai, haka masu ataya a Senegal da Mali: mai buta shi ke riƙe da zama, tashi kafin na uku kuwa rashin ta ido ne. Su kuwa Sinawan da suka noma ganyen, da za su ga abin da ake yi masa, da sun riƙe baki. Tun ƙarni na takwas malaminsu na shayi, Lu Yu, ya raba tafasar ruwa mataki uku: in ƙananan kumfa kamar idon kifi suka fara tasowa, in suka jeru a gefen tukunya kamar tsakiya a zare, da in ruwan ya fara tumbatsa. Ya ce bayan na ukun ruwa ya tsufa. Ma'aunin zafi ne na ido, kuma har yau yana aiki ga wanda ba shi da na'ura.

Gahawa ma haka ta rabu gida biyu, sai dai ita ta ƙara da na uku. A Habasha, inda itacen ya samo asali, ɗanyar ƙwaya ake wankewa a gabanki, a soya a kasko har ta yi baƙi tana maiƙo, a zagaya da kaskon kowa ya jawo hayaƙin da hannu, a daka a turmi, a zuba a jabana, tulun yumɓu mai dogon wuya, a ɗora a garwashi. In ta taso sai a sauke a jingine ta guggubin ya kwanta. Ana ƙona lubban, ana cin gugguru, kuma ita ma zagaye uku ce: abol, tona, baraka. A Sudan za ki tarar da jabanar da citta a ciki wajen matan da ke sayar da shayi a gindin bishiya, su da gwangwanayen kayan ƙamshinsu a jere. Alhazanmu sun san ta Saudiyya, wadda ba a bari ƙwayar ta yi baƙi, shi ya sa take fitowa ruwan ɗorawa. Ana tafasa ta, a ƙara hel, wani lokaci da za'afaran, a juye a dalla, butarsu ta gahawa, ba sukari, dabino ke tare ɗacin. Ɗan kaɗan ake zubawa a gindin finjali, kuma in ba ki girgiza finjalin ba, ƙari za a yi ta yi miki. Ta Turkawa gari ne mai laushi kamar kwalli, da ruwan sanyi ake fara ta a 'yar tukunya mai dogon hannu, a hankali, a sauke da kumfa ta taso kafin ta ɓararraka, ba a tacewa. A Senegal kuma akwai kafe Tuba ta muridan Shehu Ahmadu Bamba, abin da ke ba ta yajin nan nata kuwa kimbarmu ce ta kunu da yaji, su suna ce mata jar.

Masu jiƙawa da tacewa su ne irin Jamusawa da Amurkawa, tun daga matacin takardar da wata matar aure a Dresden, Melitta Bentz, ta ƙirƙiro a 1908. Su ruwa mai digiri 90 zuwa 96 suke so, ƙasa kaɗan da tafasa. Gida na uku na Italiyawa ne, masu tura ruwa da ƙarfi ta cikin gari. Injin esfireso na matsa ruwan da ƙarfin da ya ninka nauyin iska sau tara, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30 ya fitar da abin da bai wuce cokali biyu na cin abinci ba, a tsaye ake shanyewa a kama gaba. A gida kuma suna da 'yar butar moka mai kusurwa takwas ta Alfonso Bialetti, ta 1933, wadda tururi ke tura ruwan daga ƙasa zuwa sama. Su ma butar lantarki ba ta dame su ba. Abin da mu muka fi sani da sunan kofi, wato Nescafé da ya fito a 1938, gahawa ce da aka riga aka dafa aka busar, ruwan zafi kawai take jira ta narke, shi ya sa ta zauna daram a teburin mai shayi.

Akwai abu biyu da za su canja miki ɗanɗano ko da hannunki bai canja ba. Na farko tudu. Duk hawan mita 300, zafin da ruwa ke tafasa a kai na raguwa da kamar digiri ɗaya. A Landan 100 ne, a Jos wajen 96, a Adis Ababa wajen 92. Wanda ke kan tudu in ya tsaya jiƙon minti uku, shayinsa ba zai yi ƙarfin na bakin teku ba. Na biyu ruwan kansa. Na Landan da kudu maso gabashin Ingila ta cikin duwatsun alli yake biyowa, shi ya sa za ki ga farin ɓawo a cikin butar gidanku da wata yana mai ƙyalli a saman shayi in ya ɗan jima. Ba datti ba ne, alli ne ya haɗu da sinadaran ganyen, ɗan uwan abin da ruwan zartsi ke yi wa shayi a wasu rijiyoyinmu. Har kamfanin Yorkshire Tea na da haɗi na musamman don irin wannan ruwa. Ruwan lemon tsami ko binega da aka tafasa a butar yana cire ɓawon.

In kina son shawarata a kan tukunyarki, ki raba aikin biyu. Ki daddaka citta da kanumfari da masoro ki bar su su tafasa minti goma su kaɗai, don su wuta suke so. Sannan ki kashe, ki jefa Lipton, ki rufe minti huɗu, ki tsame. Za ki samu yajin gida ba tare da baurin da ke sa ki ƙara cokali na huɗu na sukari ba. In da madara za ki sha mai yawa, bar shi ya tafasa abinsa, ba laifi. Abu ɗaya dai, kada ki kuskura ki jefa citta ko madara a butar lantarkin gidan, ruwa zalla aka yi ta dominsa, ƙamshin ba ya fita, madara kuma ƙonewa take a gindi, a nan ne za ki ga ainihin fushin Baturiya. Ita kuma 'yar Turkiyya, ki roƙe ta ta ɗora muku butarta mai hawa biyu ranar Lahadi. In kin ƙoshi ki kwantar da ɗan cokalin a bakin gilashin, in ba haka ba za ta yi ta cika miki har dare ya raba.